Makarantar koyon tuƙin sikida a Bertuwa: abin da na gani da idona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar makarantar manyan injuna da ke bakin garin Bertuwa a yankin Gabas na Kamaru, wadda na yi kos ɗin sikida, injin jan gungumen itace a daji, a cikinta, bari in faɗi hukuncina tun farko: kuɗinka ba zai tafi a banza ba, amma takardar da za su miƙa maka ranar gamawa ba ita za ta mai da kai direban gangare ba, duk wanda ya ce maka haka to so yake ya karɓi kuɗinka kawai. Sunan makarantar ba zan kama ba tunda akwai wuraren da zan soke su, kuma irinta ba ɗaya ba ce a Gabas, abin da zan faɗa zai yi maka amfani ko wacce ka nufa.

Ni ɗan Ngaundere ne, da injin lodi nake aiki wajen yashi da tsakuwa, ina da permi G ɗina, lasisin tuƙin manyan injuna, tun kafin in tafi. Mu a nan arewa katako kawai muke gani an riga an yanka, farin katakon ayus ɗin nan da manyan motoci ke wucewa da shi Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena, ko gumaguman da ake lodawa jirgin ƙasa a Belabo zuwa Duwala, amma yadda gungumen ya fito daga tsakiyar kurmi ya iso bakin hanya ba kowa ya sani ba. To aikin sikida kenan. Mai zarto ya kayar da bishiya, buldoza ta buɗe hanya, sikida ya shiga ya jawo gungumen a ƙasa har filin da ake tarawa, daga nan gurumiye, tirelar dakon gungume, ta ɗauka. Samarinmu da yawa suna gangarawa Baturi da Yokaduma neman wannan aikin saboda albashin ya fi na yaron mota nesa ba kusa ba, shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani da tsawo.

Injin da suke koyarwa da shi tsohon Caterpillar 528 ne, mai inji 3306 silinda shida, nauyinsa wajen tan 14. Tayoyi huɗu manya duk suna ja, ba ya juya tayar gaba irin na mota, a tsakiya yake lanƙwashewa, gaba akwai lam na ture ƙasa, baya kuma akwai winci da ke naɗe kabul na ƙarfe. Caterpillar ma sun daina ƙera sikida, a 2019 suka sayar da wannan ɓangaren ga kamfanin Weiler na Amurka, amma 528 har gobe shi ne a shantiye da yawa, wato wuraren aikin sarar itace, don haka ban ga laifinsu ba da suka koyar da tsohon inji, shi za ka tarar in ka samu aiki. Masu hannun damƙa a baya irin John Deere 648 a bidiyo kawai aka nuna mana.

Duk darajar makarantar nan tana wuyan mutum ɗaya ne, wani dattijo ɗan wajen Maiganga da ya yi rayuwarsa a daji yana tuƙin injin nan. Darasin aji da Faransanci ake yi, amma shi in ya ga ɗan arewa ya yi shiru sai ya juya Fulatanci ko ya haɗa da 'yar Hausarsa har sai ka gane. Baba muke ce masa. Kwanakin farko bai bar kowa ya taɓa makulli ba, zagaye injin kawai muke yi kowace safiya, wasu har sun fara gunaguni wai ba wankin mota suka biya kuɗi su koya ba. Yakan ɗau tsumma ya sa safar hannu ya bi kabul ɗin a hankali, inda tsumman ya maƙale sai ya tsaya ya kira mu, ka leƙa ka ga siraran wayoyi sun tsinke sun miƙe tsaye, ya ce ga inda zai katse nan ranar da ka ɗaura masa kaya mai nauyi, kuma kabul in ya katse baya yake dawowa da ƙarfin da zai raba mutum biyu. Sannan ya kwance farantin ƙarƙashin inji ya zura hannu ya fito da busasshen ganye da ɓawon itace cike da hannu, duk sun jiƙe da gazuwal, wato man dizal, da baƙin mai, ya ce wannan ne ke cinye sikida da wuta, ba komai ba. Daga nan taya, birki, matakin mai da ruwan lagireto, ragar ƙarfen da ke kare direba, abin kashe gobara. In tiyon idirolik yana yoyo an hana mu laluba da hannu, kwali ake karawa, domin man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama, ciwon da za ka raina da safe ya kai ga yanke yatsa.

Abu biyu ya nanata har suka zauna mana. Na ɗaya, tsakiyar injin inda yake lanƙwashewa ba wurin tsayuwar ɗan Adam ba ne in inji na kunne, in kuwa gyara za a yi a wurin to a sa ƙarfen kulle tukuna. Na biyu, ba a sauka daga sikida sai an ajiye lam a ƙasa, an ja birkin tsayuwa, an sassauta kabul, ko da fitsari za ka yi ka dawo. Kuma sauka da fuska wajen inji, hannu biyu riƙe, ba tsalle.

Wajen aikin fili, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gaskiya sun koyar da kyau kuma mun samu hannu. Mutum zai ɗauka fili ba shi da hatsari, alhali nan ne direba ke sakin jiki ya ƙara wuta. Kututture ɗaya da ciyawa ta rufe in taya ta hau shi da gudu ya isa ya jefa ka jikin ƙarfe ko ya karkata injin. Akwai ƙananan itatuwa da babbar bishiya ta danne lokacin faɗuwa sun lanƙwashe suna jiran a taɓa su, akwai sandar da ke shigowa ta gefen kujera, akwai busasshen reshe a sama da igiyoyin kuranga suka riƙe, kana jan gungume a ƙasa kurangar ta jawo shi ya sauko kanka, shi ya sa Baba ke cewa kafin ka duba ƙasa ka ɗaga kai. A kwana kuma wutsiyar gungumen ba ta bin sawun taya, sharewa take yi gefe, duk wanda ke tsaye a wurin ta tafi da ƙafarsa. Tsakaninka da mai zarto dole a bar tsawon bishiya biyu, kuma bishiyar kurmi irin sapeli tana kai mita 40 zuwa 50, ka ga kenan maganar mita 100 ake yi, ba 'yan taku goma ba. Ɗaukar mutum a kan inji kuwa haramun ne a wurin Baba, kujera ɗaya ce, mutum ɗaya, ko shef, wato shugaban shantiye, ne ya ce ka rage masa hanya ka ba shi haƙuri.

Yaron da ke ɗaura kabul a gungume, shi ne ransa ya fi kowa zama a hannunka. Mun yi wannan aikin mu ma da kanmu, aka sa kowa ya ja kabul a kafaɗa ya zagaya gungume ya saƙala ƙugiya, don ka san abin da yaronka ke sha. Ƙa'idar ita ce ba ka taɓa winci sai ka gan shi da idonka ya matsa gefe, can nesa da layin kabul, ya ba ka alama, kuma mutum ɗaya ne ke ba da alamar ja, amma alamar tsayawa ko waye ya ɗaga hannu ka tsaya. In ya ɓace maka daga gani ko na daƙiƙa ɗaya ne, ka saki komai.

Yanzu gangare, inda maganar take. Abin da Baba ya nuna mana rannan ba zan manta ba, kuma a fili ma ya yi shi ba a tudu ba. Ya ajiye gungume can gefe, ya tsayar da injin a ɗan lanƙwashe yadda kabul zai fita ta kusurwa maimakon ta baya sak, ya ce mu matsa nesa mu zuba ido kan tayar baya ta ɗaya gefen. Ya fara ja a hankali, kabul ya miƙe ya yi tauri yana ƙara, gungumen ya tokare da wani kututture, sai ga tayar nan mai tsayin ƙirjin mutum ta rabu da ƙasa, ana ganin haske ta ƙarƙashinta kusan taƙi guda. Nan take ya saki winci injin ya dawo ya zauna da ƙarfi, ƙura ta tashi. Ya sauko ya ce, 'ya'yana wannan a fili kenan, ku lissafa da a gefen tudu ne. Dalilin a bayyane yake, wurin da kabul ke fita a bayan sikida yana sama ne don ya ɗaga kan gungume daga ƙasa, to in jan ya zo ta gefe sai ya zama kana jan injin ta kafaɗa, kuma wincin yana da ƙarfin da zai kifar da injin da yake ɗauke da shi. Maganinsa ka gyara tsayuwa har bayan injin ya kalli gungumen, komai ɓata lokacin.

Sai lissafin nauyi, wanda yawancinmu ba mu taɓa yi ba. Ayus itace ne marar nauyi, amma tali da azobe ɗanyensu ya wuce tan ɗaya a kowace mita kubik, ko a ruwa nutsewa suke. Gungumen tali mai kaurin mita 1 da tsawon mita 10 ya kusa mita kubik 8, wato sama da tan 8, fiye da rabin nauyin injin. In kana gangarawa da irin wannan a bayanka, ba kai kaɗai ke tuƙi ba, shi ma yana turo ka. Duk ɗan Ngaundere ya san falez, babban gangaren nan na hanyar Garwa, da yadda tirela mai kaya ke ƙarewa in direba ya sauko da babbar giya yana dogaro da birki, to haka abin yake a daji sai dai babu kwalta kuma kayan naka ba a kan taya yake ba. Ƙaramar giya tun daga sama kafin ka fara sauka, ba canja giya a tsakiya, ba sakin inji a firi, wato ba giya, ko kusa, kan gungumen a matse da bayan inji don kar ya zamo ya buge ka ko ya wuce ka ta gefe, lam a ƙasa-ƙasa yadda in abu ya ɓaci za ka dasa shi ya riƙe ka.

Tudu ana hawansa a miƙe a sauko a miƙe, ba a yanka shi ta gefe, ba a juyawa a tsakiyarsa, domin da zarar injin ya lanƙwashe a kan gangare nauyinsa ya koma gefe ɗaya, in kuma tayar sama ta taka kututture ko dutse a lokacin shi kenan. In hawa ya yi tsanani taya ta fara tono, ba a dagewa da totur. Sai ka saki kabul ka bar gungumen a ƙasa, ka hau kai kaɗai har inda ƙasa ta yi ƙarfi, ka dasa lam ka ja birki, sannan ka jawo kayan da winci ya same ka. Haka ma in za ka ƙetare taɓo. Iyakar da littattafan aikin daji ke bayarwa ga jan gungume a ƙasa, har da ƙa'idar 1996 ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wajen kashi 30 cikin ɗari ne, ma'ana a tafiyar mita 100 ƙasa ta tashi mita 30, abin da a ido ba ya ma kama da wani babban tudu. Wannan kuma a busasshiyar ƙasa. Gabas ba kamar wajenmu ba ce mai damina ɗaya, su sau biyu ruwa ke zuwa musu a shekara, mai ƙarfin a watannin Satumba da Oktoba, kuma jar ƙasarsu in ta sha ruwa santsi take yi sosai, gangaren da ka hau lafiya da safe bayan ruwan azahar ba shi ba ne. Yaron kabul a tudu kullum ta sama da gungume yake tsayawa, ba ta ƙasa ba.

In kuma ƙaddara ta zo injin ya tafi zai kife, kar ka yi tsalle. Ɗakin direban an gina shi da ƙarfen da zai ɗauki nauyin injin in ya wuntsila, amma amfaninsa sai kana ɗaure da bel, wato ɗamarar kujera, a cikinsa, wanda ya yi tsalle yawanci gefen da injin zai faɗa yake faɗawa. Wannan magana ce mai wuya zuciya ta yarda da ita, shi ya sa ake so bel ya zama ɗabi'a tun a fili.

To ga inda raina ya ɓaci da makarantar. Duk wannan karatun gangaren, a baki da allo aka yi mana yawancinsa. Filin koyonsu shimfiɗe yake, tudun da suke da shi tarin jar ƙasa ne da buldoza ta tara, ka hau ka sauka kafin ka gama bismillah, ba kututture, ba laka, ba gungume mai nauyin gaske a bayanka. A tallarsu sun rubuta cewa har da aikin tudu a daji, ba a kai mu ba, kullum sai a ce ana jiran izinin wani shantiye har kos ya ƙare. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaro zai fita da takarda a hannu yana jin ya iya, shef ya nuna masa gangare ranar farko, kunya da tsoron rasa aiki su hana shi cewa bai taɓa yi ba. Baba da kansa ya gaya mana a gaban masu ofis cewa kar wanda ya karɓi aikin tudu sai ya yi watanni a fili kuma ya zauna kusa da tsohon direba yana kallo, na ga fuskarsu ba ta so ba amma bai fasa ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Na biyu, inji ɗaya ne ga ɗalibai masu yawa, rabonka a kan kujera kaɗan ne a yini, ranar da tiyo ya fashe ko gazuwal ya yanke kuwa sai zaman inuwa, kuma ba sa rama maka ranar. Na uku, wanda ya fi ba ni takaici, bel ɗin kujerar injin koyon a lalace muka same shi, makarantar da ke koya wa mutane ɗaura bel. Sai da Baba ya ƙi kunna inji ya zauna a gindin bishiya da makulli a aljihu sannan aka kawo wani. Hular kwano ba ta ishi kowa ba ana karɓa-karɓa, takalmi mai ƙarfe a baki da safar hannu da abin toshe kunne kai za ka saya, gara ka taho da naka daga gida. Taimakon gaggawa kuma an taɓa shi sama-sama ne kawai, alhali shantiye na iya zama tafiyar awoyi daga asibiti a kan mummunar hanya, ya kamata a ce kowa ya fita ya iya tsayar da jini da ɗaure karaya. Takardun darasin duk Faransanci ne, wanda bai yi lakwal, wato boko, sosai ba zai wahala in ba Baba a kusa.

An ɗan yi mana bayanin doka, cewa dokar daji ta 1994 an maye gurbinta da sabuwa a 2024, da cewa kamfani na ƙwarai yana shata hanyar sikida da fenti tun kafin a kayar da bishiya, ba ka fita daga layin, ba ka jan gungume ta cikin rafi, ba ka goge jikin bishiyoyin da aka bari. Wannan ya yi amfani don masu ɗaukar aiki suna tambaya. Sun kuma ja kunnenmu mu tabbatar an yi mana rajistar CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, kafin mu hau inji, saboda in hatsari ya faru ita ce madogara. Maganar za su samo maka aiki kuwa kar ka sa ta a lissafi, lambobin waya kawai suke bayarwa.

Zaman garin ba matsala, Bertuwa cike take da 'yan arewa, masallatai da abincin halal ko'ina, ranar Juma'a suna sallamar mu da wuri. Daga Ngaundere ta Maiganga da Garwa Bulai kwalta ce har can. Ɗaki kai za ka nema, makarantar ba ta da wurin kwana.

Wanda zai je, kafin ka ba da ko dala ka nemi a nuna maka injin yana aiki, ka hau ka ja bel ɗin da hannunka, ka duba kabul. Ka tambayi ɗalibai nawa ne a zangon, awa nawa kowa zai yi a kan kujera, a rubuta maka a rasit tare da cewa ranar da inji ya lalace za a rama. Ka tambayi wanda zai koyar da kai shekarunsa a daji ba a ofis ba, in ka ji dattijon nan ya bar wurin to ka sake tunani. Maganar fita daji kuma ka ce a gaya maka wane shantiye ne da wane mako, in sun fara kame-kame ka biya kuɗin kos ɗin fili kawai, ka riƙe sauran kuɗinka ka sayi takalmi da hula.